Waya ta Huɗu

Mai karatu, idan ka fita ƙofar gida gobe da safe, ina roƙonka ka ɗaga kai ka dubi falwayar da ke bakin layinku, ka ƙirga wayoyin da ke kanta. In dai ƙaramin layi ne mai raba wa gidaje wuta, za ka same su guda huɗu a jere, ɗaya bisa ɗaya. Na yi shekara bakwai ina wucewa ƙarƙashin irin waɗannan wayoyi a unguwarmu da ke Kubwa, safe da yamma, ban taɓa ƙirga su ba, balle in tambayi aikin kowace. Iyakar abin da na sani game da lantarki kalma biyu ce: an kawo, an ɗauke. Sai da ɗakin wani dattijo maƙwabcina ya zama toka a kan idona, sannan na san cewa uku daga cikin wayoyin nan su ne ke kawo wuta, ta huɗun kuwa, wadda masu gyara ke kira nutural, ita ce ke hana wutar cin mu. Labarin wannan waya nake so in bayar, kuma ba zan ɓoye ba, akwai laifina a cikin abin da ya faru.

Gidan da nake haya irin gidajen nan ne da suka cika garuruwan da ke kewaye da Abuja. Bayan da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa dokar ƙirƙiro sabon babban birni a watan Fabrairu na 1976, an zana unguwanni irin su Garki da Wuse da Maitama da Asokoro a kan takarda, kowane titi da magudanarsa. Amma masu share ofisoshin da masu tuƙa motocin da masu koyar da yara ba su da kuɗin zama cikin wannan zane. Sai suka tare a Kubwa da Nyanya da Karu da Lugbe da Dutsen Alhaji, inda gida ke tsirowa kafin hanya ta iso, waya kuma ta bi sama daga falwaya zuwa falwaya kamar saƙar gizo-gizo. A gaban gidanmu akwai shagon wata Hajiya mai firiza uku, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. A tsakiya akwai ciki da falo guda huɗu, ni da iyalina muna ɗaya daga ciki. Can ƙurya kuma akwai ɗakuna ƙwaya-ƙwaya guda uku, kuma a na ƙarshensu Baba yake.

Baba mutumin ƙasar Katsina ne. Ya tafi Ikko yana saurayi, ya sami aikin masinja a wata ma'aikatar tarayya, kuma da aka dawo da fadar gwamnati Abuja a watan Disamba na 1991, ya biyo ma'aikatarsu. Ya kan ba mu labari cewa a bayan babbar mota ya zo, zaune a kan ɗaurin fayiloli. A nan ya yi ritaya, a nan maiɗakinsa ta rasu, 'ya'yansa kuma suka watsu neman abinci. Kayan wutar da ke ɗakinsa guda uku ne kacal: kwan fitila ɗaya irin na da, da fankar tsaye, da wata tsohuwar rediyo da yake jin labaran Hausa da ita safe da dare. Dukiyarsa ta gaske kuwa tana cikin wata jakar fata a ƙarƙashin katifa: takardar ɗaukarsa aiki, da ta ƙarin girma, da ta ritaya, da takardun fansho, da hoton marigayiya guda ɗaya tak da aka ɗauke su tare a Ikko.

Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san irin zaman da muke yi da wutar lantarki. An kafa NEPA a 1972, aka sauya mata suna a 2005, aka sayar wa 'yan kasuwa harkar rarraba wuta a watan Nuwamba na 2013, amma har yau in fitila ta kama, sunan Nepa yara ke kira da ihu. Ga madatsar Shiroro nan a Jihar Neja, maƙwabciyarmu, an buɗe ta a 1990 da ƙarfin megawat 600, amma hakan bai hana mu kwana cikin duhu ba. Dole ta sa kowa ya koyi dabara, kuma babbar dabarar da ake yi a layinmu ita ce sauya fis. A bangon kowane gida akwai gidan fis guda uku, na jan layi da na rawaya da na shuɗi. In layin da kake kai ya ɗauke ko ya yi sanyi, sai ka zare fis ɗinka ka soka a wanda ke da ƙarfi. Na ƙware a wannan aiki har maƙwabta mata kan aiko yaro ya kira ni. Da yake jan layi ne aka shaida ya fi daɗewa bai ɗauke ba, sannu a hankali kusan kowa a layinmu ya koma kansa: Hajiya da firizojinta, mai walda na ƙarshen layi, masu na'urar sanyaya ɗaki, da ni da dutsen gugata da hitar ruwana. Ɗakunan ƙurya kuwa mai gida ya ɗaure su a shuɗin layi tun fil azal, ba su da fis na sauyawa.

Abin bai zo mana ba sallama ba. Kimanin wata guda kafin ranar, sai wuta ta ɗauki wani hali. Duk lokacin da mai walda ya ɗana ƙarfe, fitilunmu su dusashe, na ɗakunan ƙurya kuma su ƙara haske a daidai wannan lokaci. Kwan fitilar Baba ya ƙone sau uku cikin mako biyu, muka ce jabu ake sayar masa. Wata rana bayan sallar isha'i ya tare ni a ƙofar gida, ya ce, "Malam, falwayar nan ta bakin layi tana tartsatsi da dare, na gani da idona har sau biyu. Kai ne ɗan boko, don Allah ka rubuta wa masu wuta takarda, mu sa hannu." Na ce, "To Baba, in Allah Ya yarda gobe zan rubuta." Gobe ta zama jibi, jibi ta zama gata. Da ya sake tuna mini, na ce aiki ne ya yi mini yawa a makaranta. A zuciyata kuwa cewa nake, falwaya ba ta gidanmu ba ce, cikin gidaje goma sha wani abu ai ba za a rasa wanda zai kai ƙara ba. Ashe kowa a layin abin da yake faɗa wa kansa ke nan.

Ranar da abin ya faru cikin watan Afrilu ne, ƙarshen bazara, lokacin da zafi ke hana ɗaki zaunuwa. Da la'asar sakaliya hadari ya haɗu ta gabas, iska ta taso da ƙarfi ta yi ta kaɗa wayoyi da rufin kwano, aka ɗauke wuta. Daga baya hadarin ya baje ba a yi ruwa ba, zafi ya dawo ya fi na da. Baba ya fito da tabarmarsa tsakar gida ya kwanta, ya bar fitila da fanka da rediyo duk a kunne suna jiran wuta, kamar yadda kowannenmu ke yi.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare na ji fankarmu ta motsa. Na buɗe ido na ga kwan falo ya kama dishi-dishi, jajir kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Daga shagon Hajiya ana jin firizoji suna gurnani sun kasa tashi. Na ce a raina, yau jan layi ya yi sanyi. Da na leƙa ta taga sai na ga ɗakunan ƙurya sun haske tarwai, wani irin farin haske mai kashe ido da ban taɓa ganin irinsa a gidan ba, fankar Baba kuwa tana ƙugi kamar injin niƙa. Abin da ya fara zo mini a zuciya, ina jin kunyar faɗa, kwaɗayi ne. Na ɗauki tocila na nufi bango domin in zare fis ɗina in mai da shi shuɗin layi, ni ma in sha wannan daɗi.

Ban kai ga bangon ba na ji fau! Kwan ɗakin farko ya fashe, na biyu ya biyo baya. Sai warin ƙonannen roba ya game tsakar gida. Kafin in gama tayar da Baba, hayaƙi ya fara fitowa ta saman ƙofarsa. Rediyon ce ta kama, ga ta a kan kanta daf da labule, labule ya miƙa wa katifar soso, katifa ta miƙa wa silin roba, wanda ya riƙa narkewa yana ɗigo da wuta. Baba ya ɗauki salati ya yi kan ƙofa yana cewa, "Takarduna! Takarduna!" Wani saurayi tela da ke ɗakin tsakiya ya rungume shi ta baya, suka faɗi tare. Uwargidana ta sheƙo da bokitin ruwa, sai maƙwabciyarmu, wata ma'aikaciyar jinya, ta riƙe mata hannu tana ihu kada a watsa ruwa sai an yanke wuta. Mijinta ne ya ruga bango ya zare kowane fis da ke gidan. Daga nan muka shiga ɗebo ruwa da yashi. A waje kuwa layi ya ruɗe da kururuwa, domin gida-gida talabijin da caja da sitabilaiza suna ta hayaƙi. 'Yan kwana-kwana suka iso suka kashe abin da ya rage cikin rufi, Allah Ya taimaka bai tsallaka sauran ɗakuna ba. Ba a rasa rai ba. Amma ɗakin Baba babu abin da ya fita daga cikinsa sai tabarmar da yake kwance a kai.

Da gari ya waye mai gida ya kira wani magidanci mai gyaran wuta, Bazazzagi, wanda kowa ke ce wa Injiniya. Na tare shi da fushi, na ce, "Injiniya, wace irin muguwar wuta aka turo mana jiya?" Ya ce, "Malam, babu wanda ya turo muku komai. Wutar jiya ita ce ta shekaranjiya. Zo ka gani." Ya ja ni har gindin falwayar da Baba ya yi magana a kanta, ya nuna sama. Wayoyi uku suna nan daram, ta huɗu kuwa ta rabu daga mahaɗinta tana reto, bakinta ya yi baƙi ƙirin. Ya ce, "Ga ɓarauniyarku nan. Ta daɗe tana cin kanta, iskar jiya ta ƙarasa ta."

Na ce ban gane ba, ai in waya ta tsinke ɗaukewa wuta ke yi. Sai ya tsuguna ya ɗauki tsinke, ya ɗiga ɗigo uku a ƙasa kamar duwatsun murhu, ya ce waɗannan su ne layukan nan uku da ke fitowa daga taransifoma. Tsakanin kowane ɗigo da ɗan'uwansa akwai ƙarfin wuta bolt 415. Ya ɗiga na huɗu a tsakiyarsu, ya ja zane daga kowane ɗigo zuwa gare shi, ya ce, "Ka ɗauka waɗannan igiyoyi ne guda uku da aka ƙulle wuri ɗaya, aka kafa turke a kan ƙullin. Daga kowane dutse zuwa turken bolt 240 ne, shi ne abin da ke shiga ɗakinka, kuma shi aka ƙera kayanka su ɗauka. Turken nan shi ne nutural. Muddin yana kafe, kome nauyin da wani ya rataya wa igiyarsa, taka ba za ta motsa ba. To, cire turken." Ya share ɗigon tsakiya da yatsa, ya sake ɗiga shi daf da ɗigon jan layi. "Wanda ya fi kaya shi zai janye ƙullin zuwa wajensa. Igiyarsa ta gajarta, wutarsa ta yi sanyi. Na sauran kuma su miƙe har su kusa kai 415. Ku da kuka taru a jan layi kun janye ƙullin, tsohon nan da ke shuɗi shi ya sha miƙewar."

Na yi shiru, domin na ji inda maganar ta dosa. Daga baya na kai wa wani abokin aikina, malamin kimiyya, wannan bayani, ya tabbatar mini da shi da alƙalami. Ya ce a ƙa'idar yau 230 da 400 ake rubutawa, masu gyara ne suka saba da tsohon lissafin 240 da 415, amma hukuncin ɗaya ne. Idan nutural ta yanke, wutar da ta shiga gidanka ba ta da hanyar komawa taransifoma sai ta cikin kayan maƙwabcinka da ke wani layin. Kun zama kamar mutum biyu da aka ɗora wa itace ɗaya, kuma rabon ba na adalci ba ne. Ya ba ni misali da kwan fitila mai wat 60 a wannan layi da dutsen guga mai wat 1000 a wancan: kwan zai sha kusan bolt 390, dutsen gugar kuwa ba zai sami fiye da 25 ba. Zafin da kaya ke fitarwa kuma ya fi saurin hawa bisa ƙarfin wutar, ta yadda abin da aka ƙera wa 240 in ya sami 390 zafinsa zai ninka fiye da sau biyu da rabi. Shi ya sa rediyon Baba ba ta yi minti biyar ba. Su ma na ɓangaren sanyin ba su tsira ba, don injin firiza in ya kasa tashi ya tsaya yana jan wuta, ƙonewa yake yi. Hajiya ta yi asarar guda ɗaya a daren.

Na tambayi Injiniya abin da ya hana fis ya ƙone ya cece mu, tunda aikinsa ke nan. Ya ce fis da bireka yawan wutar da ke gudana suke aunawa, ba su san ƙarfinta ba. Fis ɗin gida an yi shi ne ya ɗauki amfiya talatin ko sittin, rediyon da ke ci da wuta kuwa ba ta jan ko biyu, saboda haka shi a wurinsa lafiya lau ake. Na sake tambayarsa me ke tsinka wayar. Ya lissafa mini abu uku. Na farko, mahaɗin da aka yi da murɗa waya a kan waya ba tare da maɗauri ba, musamman inda alminiyon ya haɗu da jan ƙarfe, domin waɗannan biyu in ruwa ya shiga tsakaninsu cin juna suke yi. Na biyu, ɓarayin da ke fasa shingen taransifoma su yanke jan ƙarfe, kuma sun fi son nutural da wayar ƙasa, don su ne suke ganin za su taɓa ba tare da an ɗauki gawarsu ba. Wannan sata ta kayan jama'a ta yi yawan da a watan Janairu na 2025 hukumomin Babban Birnin Tarayya suka hana 'yan bola yawo cikin unguwanni, suka dakatar da kasuwannin fanteka na mako biyu. Na uku kuwa, in ji shi, shi ne mu. Nutural bambancin nauyin da ke tsakanin layukan uku kawai take ɗauka. In an raba kaya daidai wa daida, kusan hutawa take yi. In kuwa kowa ya tattare a layi ɗaya, duk nauyin a kanta yake komawa, mahaɗin ya yi ta zafi yana tartsatsi har ranar da zai saki.

Wannan tsari na layi uku ba a kanmu aka fara shi ba. A 1891, shekara ɗari cif kafin a tare a Abuja, injiniyoyi a Jamus, cikinsu har da Mikhail Dolivo-Dobrovolsky, suka tura wuta ta layi uku daga Lauffen zuwa Frankfurt, tafiyar kimanin kilomita 175, kuma tun daga nan duniya ta rungume shi saboda yana rage tsadar waya, yana kuma juya manyan injuna cikin sauƙi. Ko a Amurka, inda tsarin gidajensu ya bambanta da namu, in nutural ta yanke, soket ɗin da ya saba ba da bolt 120 yana iya haurawa kusan 240. Ciwon na kowa ne. Abin da ke raba wanda ya tsira da wanda ya ƙone shi ne gane alama da wuri da kuma ɗaukar mataki a kanta.

Saboda haka, ya 'yan'uwana ɗalibai da malamai, musamman mazauna gidajen haya da ɗakunan kwanan ɗalibai inda hita da dutsen guga ke yawa, ga abin da na koya da tsada. Wutar da ta yi sanyi a ko'ina lokaci ɗaya, wannan ƙarancin wuta ne da muka saba da shi. Amma in ka ga wani ɗaki ya dusashe wani kuma ya ƙara haske a lokaci guda, ko fitilarka tana ƙara haske duk sa'ad da maƙwabci ya kunna babban inji, ko kwan fitila na yawan mutuwa, ko fanka ta ɗauki gudun da ba nata ba, ko jikin firji da famfo suna jan mutum, to turke ya fara girgiɗi. Kada ka tsaya kashe kaya ɗaya bayan ɗaya, domin kowane abu ka kashe rabon wutar sake sauyawa yake yi, kuma talabijin ko cajar da ke soke a bango tana shan wuta ko da an kashe ta. Ka tafi kai tsaye ka yanke wutar gidan gaba ɗaya daga babban makunni, da busasshen hannu da takalmi a ƙafarka, ka sanar da maƙwabta su yi haka, sannan a kira masu wuta. Kada kowa ya hau falwaya ko ya taɓa wayar da ke reto. In wuta ta riga ta kama, ba a watsa ruwa sai an tabbatar an yanke lantarki. Yashi ya fi aminci. In an ɗauke wuta kuma, a kashe kaya kafin a kwanta ko a fita. Akwai wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa kusa da mita, mai yanke wuta da kanta in ƙarfinta ya haura ƙa'ida, kuɗinta bai kai na talabijin ɗaya ba. Wanda zai yi wa gida wayarin kuma a nemi mai takardar shaida. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ke tantance su.

Takardar da Baba ya roƙe ni wata guda, a safiyar nan na rubuta ta, kuma ba ta ci mini minti goma ba. Ma'aikata suka zo suka ɗaure wayar da maɗauri sabo. Muka yi taron layi, Injiniya ya raba gidaje a kan layukan uku, aka yi alkawarin ba mai sake taɓa fis ɗinsa. Muka haɗa kuɗi aka gyara wa Baba ɗaki, wani ya kawo katifa, Hajiya ta ɗinka masa riguna, tela ya ƙi karɓar kuɗin ɗinki. Amma takardu ba a sayensu a kasuwa. Watanni muka yi ni da shi muna zirga-zirga tsakanin Kubwa da cikin gari: takardar 'yan kwana-kwana, takardar 'yan sanda, rantsuwa a kotu, sannan neman kwafin fayil ɗin mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana ɗaukar fayilolin wasu. Mun samo mafi yawansu. Hoton marigayiya kuwa babu ofishin da ke ajiye da kwafinsa.

Wata rana muna dawowa a cikin bas, na kasa daurewa, na ce, "Baba, ka yafe mini. Da na rubuta takardar nan lokacin da ka ce, da duk wannan bai faru ba." Ya daɗe yana kallon duwatsun da ke gefen hanya, sannan ya ce, "Ɗana, Allah Ya rubuta Tasa, kai ne dai ba ka rubuta taka ba." Ya yi dariya, ya dafa gwiwata, ya ce ya yafe duniya da lahira. Ni ban iya dariyar ba. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce, a baya take, kuma tun daga ranar na san nauyin wannan magana.

Har yau abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lissafin nan na kwan fitila da dutsen guga. Mu masu kaya da yawa mu muka ɗora wa wayar nauyin da ya tsinka ta, amma da ta tsinke, iyakar abin da ya same ni shi ne fankata ta yi sanyi. Mutumin da ya fi kowa ƙarancin shan wuta a layin, wanda kuma shi kaɗai ya ga tartsatsin ya yi magana, shi ya biya. Na duba na ga ba a lantarki kaɗai ake wannan rabo ba. Kwatar da ta toshe a unguwa ɗakin da ya fi ƙasa take fara ci. Duk abin da muke tarayya a kansa, muka kira shi kayan gwamnati don kada ya zama aikin kowa, ranar da ya lalace mai ƙaramin ƙarfi yake fara faɗa wa. Da can ina zaton shinge da mita sun raba ni da maƙwabcina, kowa da wutarsa, kowa da kuɗinsa. Ashe waya ɗaya ce ke riƙe da wannan rabuwa, kuma ita ma sai an kula da ita.

Baba ya koma ƙasar Katsina wajen babban ɗansa, mukan gaisa ta waya lokaci-lokaci, kuma bai taɓa rufe gaisuwa ba sai ya tambaye ni lafiyar falwaya. Nakan ce masa tana nan lafiya, kuma da gaskiyata nake faɗa, domin kullum in zan fita sai na ɗaga kai na ƙirga: ɗaya, biyu, uku, huɗu. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ga namu ya kama, mai karatu, saura ya rage naka. Allah Ya tsare mu da gobara, Ya kuma raba mu da cewa sai gobe.